Zanen da Ke Jikin Motar Marigayi

Talata, 9 ga Yuli 1974, bayan azahar

Abin da na gani yau da safe zan rubuta, tunda ba ni da wanda zan faɗa wa.

Jiya Yaya Idi ya zo garejinmu a Kawo ya ce in zo Unguwar Rimi da sassafe in goge motar marigayi Alhaji Bala, mai saye zai zo ganinta da hantsi. Yaya Idi ba cikinmu ɗaya ba, garinmu ne ɗaya, Malumfashi. Amma shi ya tarbe ni a tasha ranar da na sauka Kaduna, a ɗakinsa na kwana har na samu nawa, shi ya kai ni wurin Maigida Tukur na koyi fenti. Shi ne direban marigayi tun motar tana sabuwa.

Na isa gari ya waye, rana ba ta fito ba. Ya fito da motar daga rumfa ya tsayar a gindin mangwaro, ya ce bari ya sayo mana koko da ƙosai a bakin titi. Fijo ce 404, ruwan madara, sitiyarinta a dama, irin na da kafin a canja hannun tuƙi a titi. Na tsuguna a gefen direba ina wanke taya.

Sai na ji tafiya a hankali. Na ɗago na leƙa ta gilashi. Hajiya Delu ce, matar marigayi, a lulluɓe, tana riƙe da 'yar wuƙar nan da masu takaba ke riƙewa. Ta tsaya a ƙofar baya ta hagu, inda Alhaji ke zama. Ta dafa ƙofar da tafin hannu kamar mai duba zazzaɓi a goshin yaro. Sannan ta sa tsinin wuƙar ta ja, daga mariƙin ƙofa har fitilar baya. Ba da sauri ba. Ƙarar har cikin haƙorana na ji ta. Ta tsaya ta dubi abin da ta yi, ta mai da wuƙar cikin mayafi, ta koma cikin gida. Ba ta gan ni ba.

Ba ni kaɗai na gani ba. Akwai mutum ɗaya kuma, idanunmu ma sun haɗu. Ba zan rubuta sunansa ba.

Da Yaya Idi ya dawo ya ga zanen, ya ajiye kwanon koko a ƙasa ya yi salati. Malam Lawan ya fito, babban ɗan marigayi, wanda ke aiki a ma'aikata, shi ke riƙe da sha'anin gado. Ya tambayi wa ke riƙe da makullin mota da na ƙofar gida. Yaya Idi ya ce shi ne. Malam Lawan ya tuna masa cewa a makon jiya shi ya ce bai kamata a sayar da motar ba sai Hajiya ta fita takaba.

"Ashe abin da kake nufi ke nan, Idi."

Ya karɓe makullan. Ni bai tambaye ni komai ba. Ina tsaye da tsumma a hannu, ruwa na ɗiga a ƙafata.

Kokon nan har na tafi yana ƙasa, ƙudaje sun rufe shi.

Laraba, 10 ga Yuli, da yamma

An kawo motar gareji. Maigida da kansa ya je ya tuƙo ta.

Mai sayen wani hafsan sojan sama ne daga Mando. Tun farko an shirya zai ɗauki motar har da direbanta, don ba kowa ke iya tuƙa mai sitiyarin dama a sabon hannu ba, wurin wuce babbar mota sai ka san kanka. Jiya ya ga zanen ya ce in an gyara har ba a gane wurin, zai saya. Da ya tambayi direba, Malam Lawan ya ce masa akwai magana a kansa tukuna.

Na sa farce a zanen. Ya wuce fenti, ya wuce jan fentin ƙasa, ya taɓa ƙarfe. Siriri ne, amma zurfi gare shi. Maigida ya ce aikin makulli ne. Makulli ba ya yin haka, faɗi yake yi, yana tattare fenti a gefe. Na ce to.

Malam Lawan ya biyo baya a motarsa. Ya ce wa Maigida ni yake so in yi aikin, ya ji an ce ina da haƙuri. Sai ya ja ni gefe, yana duban motar ba ni ba, ya ce in ta koma yadda take, shi da kansa zai sa baki hafsan ya ɗauki Idi, a bar maganar a nan.

Na riƙe wannan. Ke nan aikin Yaya Idi a hannuna yake. Ba sai na ambaci sunan kowa ba. In gyara kawai.

Juma'a, 12 ga Yuli, bayan masallaci

Na kankare fentin gefen zanen, na buɗe shi da sanfefa, takardar guga mai kaushi, har ƙarfe ya fito fes. Kwana uku kacal tsatsa ta fara shiga, ja-ja kamar zare. In ka rufe tsatsa da fenti, bayan damina za ta kumbura ta fito ta tona maka asiri.

A daidai inda ƙofa ta haɗu da gefen baya na tsinci ɗan ƙarfe, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Tsinin wuƙar ne ya karye a nan. Na sa shi a kwalin ashana.

Lahadi, 14 ga Yuli, da la'asar

Na je gaishe da su Yaya Idi. Suna nan a ɗakin baya na gidan, amma an ce Yaya Idi kada ya taɓa komai na gidan, ko bokitin wanke mota. Na same shi yana gyara wata tsohuwar rediyo da ba ta lalace ba.

Yalwa matarsa ta tarbe ni kamar kullum. Ta ce ga ƙaramin mijinta ya zo hannu rabbana, ko goro babu, da ta san haka za a yi da tun farko ta auri mai sayar da rake. Na ce mai rake ma sai ya duba haƙoranta tukuna. Ta jefe ni da mafici. Muka yi dariya, amma ta gajarta.

Da Yaya Idi ya fita alwala ta rage murya ta gaya mini abin da ban sani ba. Malam Lawan ɗan fari ne a wurin Hajiya. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce wancan. In ya shiga gaishe ta, bango take duba, ta amsa a taƙaice. Ba ta taɓa roƙonsa ko allura ba. Da ta ji za a sayar da motar, sai ta kira Yaya Idi ta bayan labule ta ce ya gaya wa wancan a dakata. Tana so in ta fita takaba a kai ta Zariya a motar mijinta ta yi wa 'yan'uwa godiyar ta'aziyya, sau ɗaya kawai, daga nan a yi yadda aka ga dama. Ta ce kada ya ce ita ta ce. Shi kuma ya kai saƙon a matsayin nasa.

Na ce to me ya hana a je a gaya wa Hajiya abin da aka ɗora masa? Yalwa ta ce ta so ta shiga, ya rantse in ta kai wa mai takaba ƙara, ta haɗa kayanta. Ta ce ita dai tana zargin yaran maƙwabta.

Na ce Allah ya kyauta.

Talata, 16 ga Yuli, da hantsi

Na shafa foti, abin cike wurin. Maigida ya ce in cika lokaci ɗaya a wuce. Ni kaɗan-kaɗan nake sawa, in jira ya bushe, in goge da ruwa, in ƙara. Ya ce ni da kunkuru ban san wa ya koya wa wani ba.

Alhamis, 18 ga Yuli, da yamma

Ruwa tun safe. Ba abin da ya bushe.

Asabar, 20 ga Yuli, bayan la'asar

Yaya Idi ya zo gareji. Ya ce zaman ɗaki ya ishe shi. Ya zagaya motar, ya buɗe gaba ya duba mai da ruwa, ya ce wa Maigida a riƙa tayar da ita kowace safiya, ba ta son dogon barci. Ya riƙe mini kwanon ruwa ina gugar fotin. Ya ba ni labarin ranar da aka canja hannu, yadda Alhaji ya zauna a baya yana ta jan carbi yana cewa Idi dama, Idi dama, har suka isa ofis, shi kuwa dama can a daman yake.

Sai ya dube ni. Ya ce, "Tanko, kai da kake wurin, ba ka ga kowa ba?"

Na ce, "Yaya, ina tsugune ina wanke taya."

Ya ce haka ne, ta can gefen kake. Ya ce to Allah ya gani. Ya ƙara mini ruwa a kan sanfefar.

Ban yi ƙarya ba. Ina tsugune ina wanke taya. Tun da ya tafi nake maimaita wa kaina ban yi ƙarya ba.

Da na faɗa, me zai faru? Dattijuwa mai takaba, a ce ta fito tsakar gida ta yi wannan. Gobe duk Unguwar Rimi a ce ta taɓu. Kuma wa zai yarda da ni, mai fenti daga Kawo? Kuma ga hanya mai sauƙi, in gyara. Haka na ce wa raina.

Litinin, 22 ga Yuli, da safe

Haɗa launi. Fentin gwangwani ya fi na jikin motar haske. Shekaru tana shan rana, madarar ta yi kauri, ta koma wajen ruwan ƙwai. Kuma gefen hagu ya fi na dama ƙonewa, don shi ke kallon waje in an ajiye ta a rumfa. Ina ɗiga rawaya da tsinken ashana, in juya, in shafa a marfin gwangwani, in kai kusa da ƙofar gaba in duba. Da rana tsaka ido ƙarya yake yi. Sai da safe, ko bayan la'asar.

Ban dace ba yau.

Laraba, 24 ga Yuli, da yamma

An ce su Yaya Idi su bar ɗakin kafin ƙarshen wata, wai za a sa maigadi. Malam Lawan bai faɗa da bakinsa ba, aike ya yi.

Na fesa jan fentin ƙasa. Daga nan na ajiye bindigar fenti na zauna.

Asabar, 27 ga Yuli, bayan magariba

Na taya su kwashe kaya a amalanke zuwa Unguwar Kanawa, ɗakin wani ɗan'uwan Yalwa. Gado, tabarmi, kwanuka, rediyon nan. Ɗakin na zuba ta kusurwa ɗaya, sun tara roba.

Yaya Idi ya je neman tuƙi wuri biyu. Wurin farko aka ce a dawo. Na biyu, wani direba da suke zaman jira tare a ƙofar ma'aikata shekara da shekaru shi ya rigaya ya kai labari. Mai motar ya ce masa shi motarsa sabuwa ce, ba ya son direba mai fushi.

Na ce ya ƙara haƙuri, saura kaɗan in gama, hafsan zai ɗauke shi. Ya ce ai ya san hannuna.

Yalwa ba ta ce mini ƙaramin miji ba yau. Ta ce sannu Tanko.

Litinin, 29 ga Yuli, da azahar

Na samu launin. Na rufe gilashi da tsofaffin jaridu, na fesa ƙofar da gefen baya gaba ɗaya. Sama garau lokacin da na fara. Ina shafi na biyu hadari ya taso daga gabas.

Talata, 30 ga Yuli, da safe

Fentin ya sha raɓa, ya yi fari-fari kamar an hura masa numfashi. Sai an goge an sake. Laifina ne, na ga hadarin, na ce zan riga shi.

Alhamis, 1 ga Agusta, bayan la'asar

Yau ce ranar da ban so in rubuta ba.

Maigida ya aike ni gidan marigayi in karɓo ƙarfen adon da ke bin gefen motar, akwai na ajiya a rumfa. Ina cikin nema wata jikar gidan ta ce Hajiya na kira. Na cire takalmi na durƙusa a ƙofar ɗakinta, labule a tsakaninmu. Na yi mata gaisuwa da ta'aziyya. Muryarta ƙasa-ƙasa, irin ta masu takaba.

Ta ce an ce ni ke gyaran motar. Na ce ni ne. Ta tambaya ko abin ya yi zurfi. Na ce ya taɓa ƙarfe. Sai ta ce in yi a hankali, ba sauri ake ba, aikin gaggawa ba ya kyau.

Sai ta ce, "Ɗan nan, Idi fa? Kwana biyu ban ji muryarsa ba, ko tarin Yalwa. An ce mini sun je gida ganin dangi. Lafiya dai?"

Ba ta sani ba. Wallahi ba ta sani ba. Ta ɗauka motar kawai ta yi wa rauni.

Kwalin ashanar yana aljihuna. Bakina ya buɗe. Da na ce Hajiya, an kore shi a kan zanen nan, na tabbata da ta yi magana, ko da bango za ta duba ta faɗa. A lokacin na ji ƙarar motar Malam Lawan a ƙofar gida, na ji an rufe ƙofa, na ji takalminsa a kan tsakuwa.

Na ce, "Lafiya lau suke, Hajiya."

Ta ce madalla, in na gan shi in ce ya dawo da wuri, ta kusa fita, shi zai kai ta Zariya.

A tsakar gida Malam Lawan ya tambaye ni me aka ce. Na ce gaisuwa ce. Ya gyaɗa kai, ya ce in gaida Tukur.

Juma'a, 2 ga Agusta, da yamma

Ban ci abinci ba. Ba azumi nake ba.

Litinin, 5 ga Agusta, da hantsi

Na sake fesawa Asabar, rana ta yi mana kirki. Jiya ya bushe. Maigida ya zagaya ya ce shi ke nan, a kira masu ita.

Yau da safe na zo kafin kowa, na tsuguna na dubi ƙofar ta gefe, hasken yana kwance a kanta. Ga layin nan. Fotin ya ɗan shige ciki da ya bushe, zanen ya dawo, ba launi ba, inuwa, daga mariƙi har fitila. In kana tsaye ba ka gani. Maigida ya sa tabarau ya duba ya ce shi bai ga komai ba, soja ma ba zai tsuguna wa mota ba. Na ce an ce sai ta koma yadda take. In hafsan ya gano, ba ni zai shafa ba, Yaya Idi zai shafa. Ya ce in yi abin da na ga dama, amma in sani mutum na jiran aikin nan da ciki.

Na kankare duka. Na koma ƙarfe.

Laraba, 7 ga Agusta, bayan azahar

Yaya Idi ya leƙo ya ga ƙofar ta koma ja. Bai yi faɗa ba. Ya ce ashe da saura. Na nuna masa dalili, ya saurara har ƙarshe. Ya ce ɗan'uwan Yalwa zai kawo amaryarsa ɗakin nan da sati, kuma wani mai manyan motoci a Funtuwa na neman direban ɗaukar auduga da gyaɗa. Na ce Yaya, ka ba ni mako ɗaya. Ya yi murmushi ya ce tun ina ƙarami in aka ba ni rake sai na fere shi tsaf kafin in sha, sauran yara sun shanye nasu sun tafi.

Alhamis, 8 ga Agusta, da yamma

Ruwa.

Asabar, 10 ga Agusta, da hantsi

Sun tafi. Na raka su tashar Kawo. Gadon a saman mota an ɗaure da igiya, an rufa masa tabarma saboda ruwa. Rediyon ya ba ni, da fatar nan mai laushi da yake goge gilashin Fijo da ita, ya ce babbar mota ba ta san wannan gata ba.

Tun daga Unguwar Kanawa nake shirya maganar a bakina. A tasha ga 'yan kamasho na kiran fasinja, ga masu talla, ga Yalwa zaune a gefen taga ta juya fuska. Na ce bari a gama loda kaya. Aka gama. Na ce bari ya zauna. Ya zauna. Ya miƙo hannu ta taga ya ce ranar da Hajiya ta fita takaba in je in gaishe ta a madadinsa, in ce ta yafe masa bai samu yi mata sallama ba. Ya ce kuma kada in gaya mata dalili, ta sha isasshen baƙin ciki.

Direba ya tayar. Yalwa ta ce, "Ka gama fentinka lafiya."

Ban san ko ta san wani abu ba, ko kuwa haushi ne kawai. Na tsaya har motar ta hau hanyar Zariya.

Talata, 13 ga Agusta, bayan la'asar

Na fesa. Sama ba ko gajimare. Fentin ya kwanta kamar man shanu. Da haka ya yi tun farko.

Alhamis, 15 ga Agusta, da yamma

Na goge ta tun safe da fatar Yaya Idi. Na tsuguna ta kowane gefe, na rufe ido na bi da yatsa. Babu. Ni kaina sai na yi tunani kafin in nuna inda ya fara.

Malam Lawan ya zo. Ya shafa ƙofar, ya ce kamar ba a taɓa ba. Na ce, ranka ya daɗe, maganar Yaya Idi fa? Ya ce ai ya ji ya tafi Funtuwa, kuma hafsan ya gaji da jira ya samu wani direba tun makon jiya. Ya ce Allah bai yi ba ne. Na ga kafaɗunsa sun sauka lokacin da ya faɗa.

Na fito da kwalin ashana na buɗe na miƙa masa. Ya dubi ɗan ƙarfen ya daɗe. Bai tambayi ko mene ne ba. Ya rufe kwalin ya sa a aljihun rigarsa.

Ya ce, "Kai ma kana da uwa, Tanko."

Na ce ina da ita.

Ya ce wa Maigida sai Asabar za a kai motar Mando, akwai inda za ta je gobe. Ya shiga ya tayar da kansa, giya na kuka a hannunsa har ya fita titi.

Juma'a, 16 ga Agusta, da hantsi

Ina bakin gareji ina wanke bindigar fenti na ga Fijon ta taho. Tun daga nesa na san ta. Ta nufi hanyar Zariya, a hankali, tana bin gefen titi. Malam Lawan ke tuƙi, ya dafe sitiyari da hannu biyu, yana miƙa wuya don ya ga gaban wata tirela. A baya ta hagu Hajiya ce, da sabon mayafi, hannunta a kan ƙofar ta ciki. Shi yana duban titi, ita tana duban waje. Ba na jin za su ce wa juna uffan har Zariya. Rana na faɗa wa ƙofar, ba abin da ya nuna.

To ta samu abin da ta roƙa. Saƙon ya isa. Ban san me aka ce mata game da direbanta ba wannan karon.

Na yi ta tunanin ranar Alhamis ɗin nan a bakin labule. Da ranar Asabar da ya riƙe mini kwanon ruwa. Da ranar da na kankare ƙofar saboda inuwar da ba mai gani sai ni. Ana ce mini mai haƙuri, ni ma na yarda. Yanzu ban san ko haƙuri ne ba, ko kuwa sanfefa ta fi mini sauƙin riƙewa a kan magana.

Juma'a, bayan la'asar

Na roƙi Maigida gobe ya bar ni in je Funtuwa. Bai tambayi dalili ba, ya ce in ɗauki rediyon in mai da wa mai shi, ya lura ban taɓa kunna ta ba.

Ban san ko zan iya faɗa ba in na gan shi. Aikin ba zai dawo ba, ɗakin ma haka. Amma yana can yana zaton wani a cikin direbobin nan ko yaran maƙwabta ne ya yi masa, yana kuma zaton mai gidan da ya kore shi kuskure ya yi. Na Hajiya zan iya faɗa, na san zai ce Allah sarki ya bar maganar. Ɗaya rabin ne ban san yadda zan faɗa ba. Bari in gwada a nan tukuna.

Safiyar nan, lokacin da wuƙar ke tafiya, labulen tagar falo a ɗage yake. Mutum na tsaye da kofin shayi a hannu. Ya ga ta dafa ƙofar, ya ga ta ja tun daga mariƙi har fitila, ya ga ta koma ciki. Sannan ya dube ni, na dube shi, ya saki labulen. Bai fito ba sai da Yaya Idi ya dawo da koko.

Malam Lawan ne.